Idan Mai Wanki Ya Ɓata Maka Riga: Yadda Ake Neman Diyya a Gusau

Ana jibi sallah, ka shiga shagon wanki da guga a Tudun Wadar Gusau karɓar babbar rigarka ta shadda Getzner, wadda mai aikin hannu ya share wata biyu yana zuba mata zare. An miƙo maka ita a ninke cikin leda, sai ƙamshi take. Kada ka saɓa ta ka fita. Warware ta a gaban mai shago, ka ɗaga ta a haske, ka duba wuya da aljihu da cikin ninkin hannu, don can ake ɓoye ƙuna. Da zarar riga ta kwana a gidanka, amsar da za ka ji ita ce, “Alhaji, ai lafiya lau munka ba ka ta.”

To, ka warware, sai ga shatin dutsen guga a ƙirji, ko hudar garwashi, ko farin tabon bilic. Ba abin mamaki ba ne: allo ne kawai ke cika baki, amma da yawa daga shagunan namu ruwa ne da sabulu da sitaci, in kuma babu wuta a hura dutsen gawayi. Haɗiye fushinka tukuna. Shimfiɗa rigar a teburin shagon ka ɗauki hoto da waya, yadda wurin zai fito a gane shi. Kira mutum biyu daga maƙwabta su gani da idonsu. Riƙe rasit ɗinka. In ba a ba ka ba, lambar da suka rubuta a wuyan riga, da littafin shago, da saƙon banki na kuɗin da ka tura, duk hujja ne. Kuma kada ka kai wa tela ya taɓa ta, ko uwargida ta gwada sake wankewa. Wanda ya taɓa ɓarna ya raba laifin da mai ita.

Daga nan nemi mai shago da kansa. Yaron da ya riƙe dutsen guga ba shi ne abokin maganarka ba, ko da shi ya yi ƙunar. A fiƙihun Malikiyya ma haka abin yake: lamunin kayan mutane yana wuyan mai sana'ar da ya buɗe shago ya karɓa, ba wuyan yaronsa ba.

Wannan fiƙihu ya kamata a tsaya a kansa, domin shi kotunan shari'a na Zamfara ke bi, kuma jama'a ba su san yadda ya tsaya musu ba. Asali, wanda ka ba ajiya amintacce ne. In kaya suka salwanta ba da sakacinsa ba, babu biya. Amma malaman Malikiyya sun fitar da masu sana'a daga wannan sassauci: tela, da marini, da mai wanki. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta ɗora musu lamunin duk kayan da suka keɓe da su, ko da lada suka yi aikin ko kyauta. Hikimar a fili take. Mutane ba su da makawa sai sun kai kayansu, ba kuma sa nan lokacin aiki. In aka ce a gaskata mai sana'a da baki kawai, kowa sai ya ce ɓera ne. Muhtasar na Shehu Halil ya ƙara abin da ya fi wannan daɗi ga mai riga: ko mai sana'a ya gindaya sharaɗin cewa ba ruwansa, sharaɗin bai sauke masa lamuni ba. Saboda haka ƙananan rubutun nan na ƙasan rasit, wai shago ba ya ɗaukar alhakin abin da ya sami kaya, kada su karya maka gwiwa. Mafitarsa ita ce ya kawo shaidu cewa abin ya faru ba da sakacinsa ba, kamar gobarar da ta taso daga maƙwabta. Sai dai a lura, mai wankin da ke zuwa gida ya yi aiki a tsakar gidanka hukuncinsa daban ne. Shi sai an tabbatar da ganganci ko sakaci.

Sai babbar magana, wato nawa. A nan ake ɓatawa, kuma gaskiya sau da yawa mu masu kaya ne ke ɓata ta. Ba kuɗin sabuwar riga ake bin mai wanki ba, ƙimar rigarka ce a ranar da ka miƙa masa ita. A ce yadi da ɗinki da aiki sun ci maka naira dubu 300, ka kuma yi sallah huɗu da ɗaurin aure goma da ita. Ba mai ƙiyasta maka ita a dubu 300. Ɗauki rigar ka kai wa masu sayar da shadda a kasuwar Gusau su tabbatar ko ta asali ce ko mai kama da ita, sannan telan da ya ɗinka ya faɗi kuɗin aikinsa, a rage tsufa. In ɓarnar ta kashe rigar, zaɓi naka ne: ka bar masa ita ya biya ka ƙimarta, ko ka riƙe abarka ya biya abin da ya ragu. In ƙarama ce, ya gyara da kuɗinsa ya cike giɓin. Ba a haɗa riga da cikakken kuɗinta a hannu ɗaya.

Kada kuma ka wuce gona da iri wajen nema. Akwai wani alƙali a birnin Washington na Amurka, Roy Pearson, da ya maka masu shagon wanki a kotu a 2005 kan wando guda. Ya nemi dala miliyan 67, daga baya ya sauko 54, a 2007 kotu ta ce ko sisi ba ya bin su. Ka kuma tambayi kanka tsakani da Allah: biro a aljihu ka manta? Rinin yadin dama mai zuba ne? In haka ne, ba a rataya wa mai wanki jakar tsaba.

In an daidaita, a rubuta: adadi, da ranar biya, da sa hannun shaidu. Ƙaramin mai shago ba lallai ya iya biya tashi ɗaya ba. Karɓar kashi-kashi ya fi jiran gawon shanu. Amma “za ni yi maka wanki kyauta har shekara” ba biya ba ne, sai in kai ka so.

Ya ƙi? Je wurin mai unguwar da shagon yake, ko wani dattijo cikin masu sana'ar da yake jin kunyarsa. In bai ji ba, Hisba na zaunar da mutane sulhu, ko da yake ba ita ke yanke hukunci ba. Inda ban ba ka shawara ba shi ne caji ofis. Wannan rigimar haƙƙi ce, ba laifi ba, kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai. Sai fa in sayar da rigar ya yi ya ce ta ɓata. Wannan cin amana ne, maganarsa daban.

Dokar tarayya ma na bayanka. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ta ba wanda aka yi wa aiki haƙƙin a mayar masa da kayansa ba tare da sun kasa yadda ya kawo su ba, kuma hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, na karɓar koke ta intanet. Ga babban shago mai rajista wannan na iya girgiza shi. Ga mai rumfa a Bungudu, kotu ta fi kusa.

Kotun da za ka je ita ce ta inda shagon yake. In daga Tsafe ko Kwatarkwashi ka ɗauko rigar ka kawo Gusau, to a Gusau za ka shigar da ƙara. Ka sami rajistara, ka faɗi da'awarka da adadin da kake nema, ka biya kuɗin ƙara ka karɓi rasit, a aika masa sammaci. In mai shagon ba Musulmi ba ne kuma bai yarda da kotun shari'a ba, sai kotun majistare. Ƙaramar ƙara irin wannan ba dole sai da lauya ba. Ranar zama ka tafi da rigar yadda ka karɓe ta, da hotunan, da shaidunka biyu, da telan da ya ɗinka ta.