Rashin Ƙara Ba Shi Ne Rashin Ɓarna Ba: Manyan Makarantunmu Su Tambayi Ɗalibansu

Aikina kula da lafiyar al'umma ne, kuma rabinsa tambaya ce. Nakan tsara takardar tambayoyi, in horar da masu rabawa, in tattara amsoshi, in fitar da abin da suka nuna. Na yi haka kan rigakafin yara, da awon ciki, da zazzaɓin cizon sauro a garuruwan Funtua, Bakori, Ɗanja da Malumfashi. Amma babu wanda ya kai nauyin tambayar ɗalibai da ma'aikatan manyan makarantu game da cin zarafi ta hanyar lalata. Ba zan ambaci makarantun da na yi wannan aiki a cikinsu ba, domin alƙawarin da muka ɗauka ke nan. Abin da aikin ya koya mini ne nake son in isar ga shugabannin makarantu da kuma iyaye.

Kusan duk ofishin da na shiga neman izini, amsar ɗaya ce: "Hajiya, mu nan ba mu da wannan matsalar. Babu wadda ta taɓa kawo ƙara." Na yarda da gaske suke faɗa, littafin ƙorafi fayau yake. Sai dai littafin ƙorafi yana nuna yawan waɗanda suka iya buɗe baki ne kawai, ba ya nuna yawan waɗanda abin ya faɗa wa.

A binciken lafiya na ƙasa da Hukumar Ƙidaya ta gudanar a 2018, kashi 55 cikin 100 na matan da aka taɓa duka ko aka ci zarafinsu ta hanyar lalata sun ce ba su nemi taimako ba, kuma ba su faɗa wa kowa ba. A Ostireliya, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta tambayi ɗalibai fiye da 30,000 a jami'o'i 39, ta fitar da rahoto a 2017: kashi 94 cikin 100 na waɗanda aka takura wa da neman lalata ba su kai ƙara ga jami'arsu ba. Idan haka take a ƙasar da ake maganar nan a bainar jama'a, ina ga wurinmu da yarinya ke jin nauyin furta kalmar a gaban mahaifiyarta?

Kada kuma a ce matsalar Turawa ce ko ta Kudu. A 2011, Farfesa Zubairu Iliyasu da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon tambayar da suka yi wa ɗalibai mata 300 na jami'a a Kano. Kusan kashi 59 cikin 100 sun ce sun fuskanci wani nau'in cin zarafi, kuma kashi 22 cikin 100 sun ce nasu ya shafi lalata ne. Wato fiye da ɗaya a cikin kowace biyar. 'Ya'yanmu ne, a garin da muke kai su karatu.

Me ya sa suke yin shiru?

A yankinmu dalilin shirun yana da nasaba da gona. Yarinyar da ta fito daga Ɗandume ko Faskari ko Ƙanƙara ta samu gurbi a makarantar share fagen shiga jami'a ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtua, ko makarantar ungozoma ta Malumfashi, ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, ta san da me aka biya mata kuɗin rajista. Ta ga buhunan masara da waken suya da aka ɗora a mota. Ta san babanta ya sayar da su da kaka, lokacin da hatsi ba ya daraja, don kada wa'adin biya ya wuce. Ta kuma san akwai baffan da ya ce tun farko a yi mata aure, karatun mace iyakarsa sakandare.

To, idan wani ya tare ta da maganar banza, lissafin da take yi ba na kanta kaɗai ba ne. In ta faɗa a gida, abu na farko da za ta ji shi ne "Me ya kai ki ofishinsa?" Na biyu, "Tattara kayanki ki dawo." Baffa zai ce da ma ya faɗa. Ƙannenta mata da ke tafe ba za su ga ƙofar babbar makaranta ba. In kuma ta faɗa a makaranta, wanda take ƙara shi ke riƙe da makinta, ko shi ke duba furojet ɗinta, ko abokin wanda ke dubawar ne. Sai ta haɗiye, ta riƙa canja hanya, ta daina shiga lacca, ta samu kariyoba, a ce ba ta da ƙoƙari.

Akwai wata ɗaliba da ta jira kowa ya fita daga ɗakin da muka raba takardu. Ta ninke tata har sau huɗu, ta riƙe a tafin hannu ƙarƙashin hijabi. Ta matso ta ce, "Anti, wannan takardar, ba za ta kai gidanmu ba ko?" Ba ta tambaye ni ko za a hukunta wani ba. Tsoronta gida ne. Sai da na nuna mata babu suna, babu lambar rajista, kuma akwatin a kulle yake, sannan ta saka.

Amfanin tambayar da ba a rubuta suna ke nan. Tana ba wa mai tsoro damar faɗin gaskiya ba tare da ta sa karatunta a haɗari ba.

Yadda ake tambaya

A wannan fanni, yadda aka yi tambaya shi ke haifar da amsar. Idan ka rubuta "An taɓa yi miki fyaɗe?" kusan kowa a'a zai zaɓa. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Mary Koss, ta nuna haka a binciken da ta wallafa a 1987 kan ɗalibai fiye da 6,000 a manyan makarantu 32. A cikin matan da abin da ya same su ya cika sharaɗin fyaɗe a doka, kashi 27 cikin 100 ne kawai suka kira shi da wannan suna. Saboda haka muke tambaya kan abin da aka aikata, ɗaya bayan ɗaya. Wani ya taɓa jikinki ba da yardarki ba? Wani ya ce sai kin same shi a otal ko a gidansa kafin ki ci jarrabawa? Wani yana turo miki hotunan batsa ko saƙon dare a WhatsApp bayan kin ce ya daina? Wani ya yi barazanar yaɗa hotonki? A rubuta da Hausa da Turanci, cikin lafazi mai tsabta wanda ba zai sa mai karatu ta ajiye biro ba.

Sai maganar wa za a tambaya. Mai sayen hatsi a kasuwar Ɗandume ba ya zazzage buhu ɗari kafin ya san ko akwai ƙwari. Yakan soka ɗan ƙarfen nan mai rami a buhuna dabam-dabam, na sama da na ƙasa da na tsakiya, ba wanda mai kaya ya nuna masa kaɗai ba. Haka za a zaɓi masu amsawa daga kowane sashe da kowane aji, da mazauna ɗakin kwanan ɗalibai da masu haya a cikin gari. Idan aka bar wa shugaban sashe ya turo "yaran kirki," aikin ya lalace tun kafin a fara.

Kuma makaranta ba ɗalibai mata kaɗai ba ce. A tambayi ɗalibai maza, domin su ma ana cin zarafinsu, kuma su sun fi kowa ɓoyewa. A tambayi masu shara da sakatarori da malamai mata da ke jiran ƙarin girma a hannun wani. A tambayi inda abin ya faru: ofis ne, ko hanyar komawa masauki bayan magariba, ko gidan haya, ko asibitin da aka tura ɗaliba koyon aiki, ko firamaren da take gwajin koyarwa. Ba kullum malami ne mai laifin ba. Wani lokaci ɗan aji ne, ko saurayi, ko mai gidan haya, ko ɗan acaɓa. Makarantar da ba ta san wannan ba za ta kafa kwamiti a ofis alhali ɓarnar tana bakin ƙofa.

Sirri shi ne jigon aikin. Kada malami ya raba takardar, kada ya tsaya a ɗakin. A ba da tazara tsakanin kujeru. Masu rabawa su zo daga waje, mata ga mata, maza ga maza. Tura tambayoyi ta waya yana da sauƙi, amma a wurinmu waya ba ta mutum ɗaya ba ce: yaya yana dubawa, miji yana dubawa, ƙawa tana ara. Takarda da ambulan da akwati mai makulli sun fi kwantar da hankali. Wajen fitar da sakamako ma akwai tarko. Idan aka rubuta cewa matar aure a aji uku na sashe kaza ta ce kaza, alhali ita kaɗai ce matar aure a ajin, an tona ta ko da ba a faɗi suna ba. Duk rukunin da mutanensa ba su da yawa, sai a haɗe shi da wani.

Sharaɗi mafi girma shi ne kada a tambaya sai an tanadi taimako. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin irin wannan bincike tun 2001, kuma a kan haka suka tsaya: lafiyar mai amsawa tana gaba da duk wata ƙididdiga. Tambaya tana tayar da tsohon miki. Dole a samu ma'aikaciyar jinya ko mai ba da shawara a kusa, kuma kowa, wanda ya ce e da wanda ya ce a'a, ya fita da 'yar takarda mai nuna inda ake zuwa. A rubuta a ciki cewa maganin kariya daga ƙanjamau bayan fyaɗe sai an fara shi cikin awa 72, don haka a garzaya babban asibiti mafi kusa, na Funtua ko na Malumfashi, kada a tsaya jiran taron dangi. Akwai kuma cibiyoyin da aka keɓe don wannan, kamar Salama a Zariya da Waraka a Kano. Kwamitin ɗa'ar bincike ya amince da aikin tukuna, kowa ya shiga da yardarsa, kuma a yi tanadi na musamman ga waɗanda ba su kai shekara 18 ba, domin suna da yawa a makarantun share fage.

"Za a ɓata sunan makaranta"

Wannan ce fargabar shugabanni, kuma na fahimce ta. Amma mu duba yadda sunayen suka ɓaci a baya. A 2018 muryar waya da aka naɗa ce ta fallasa Farfesa Richard Akindele na Jami'ar Obafemi Awolowo, hukumar ICPC ta gurfanar da shi, kotu ta ɗaure shi shekara 2. A farkon 2019 matan Arewa suka fito da labaransu a intanet ƙarƙashin taken ArewaMeToo. A watan Oktoba na shekarar BBC ta saki binciken sirri kan Jami'ar Legas da Jami'ar Ghana, kuma a wannan watan Jami'ar Ahmadu Bello ta sallami ma'aikata 15 kan laifuffukan da suka haɗa da neman lalata. Makarantar da ta tambayi ɗalibanta da kanta, ta gyara, ta fi mutunci nesa ba kusa ba a kan wadda sai waya ta tona mata asiri. Ga doka kuma ta iso gida: dokar hana cin zarafin jama'a ta 2015, wadda Jihar Katsina ta amince da ita a ƙarshen 2023.

Wasu malamai suna tsoron ƙazafi. Su kwantar da hankali, takardar ba ta tambayar sunan kowa, ba kotu ba ce. Mafi yawan malamanmu mutanen kirki ne masu riƙon amana, kuma su ne suka fi cutuwa idan aka bar 'yan tsiraru suna shafa wa kowa baƙin jini. Masu cewa shigar 'yan matan ce ta jawo, ina roƙonsu su zo su ga ɗakunan da nake raba takardu. Hijabai ne har ƙasa. Rufin asiri kuwa abu ne mai kyau a addininmu da al'adarmu, amma ba a yi shi don azzalumi ya samu sararin komawa kan 'yar wani ba.

Abin da nake roƙo

Shugabannin makarantu, ku gayyaci masana daga waje su yi muku wannan aiki. Ku bayyana wa ɗalibai abin da aka gano, domin wanda aka tambaya bai ga an yi komai ba, ba zai sake amsawa ba. Ku buɗe hanyar kai ƙara fiye da ɗaya, wadda ba ta bi ta hannun shugaban sashe ba. Ku ba da damar wani malami dabam ya sake duba takardar jarrabawar wadda ta yi ƙorafi. Ku sa fitila a hanyoyin masauki. Bayan shekara biyu ko uku ku sake tambaya, ku ga ko gyaran ya kama. Idan ƙararraki suka ƙaru bayan haka, kada ku firgita, alama ce an fara amincewa da ku.

Ɗalibai, idan takardar ta iso gare ku, ku cike ta da gaskiya, ko da babu abin da ya same ku. Amsar kowa ce ke sa lissafin ya tsaya daidai.

Iyaye, musamman iyaye maza da suka sha rana a gona don 'yarsu ta yi karatu, ku ne kuke da maganin babban tsoronta. Ranar da za ta koma makaranta, bayan garin kunu da kuɗin mota, ku zaunar da ita ku ce: "Duk wanda ya takura miki, ko waye shi, ki faɗa mini. Zan tsaya miki, kuma ba zan cire ki daga makaranta ba." Ku faɗa, ku kuma cika. Allah ya tsare mana zuri'a, ya ba masu riƙe da amanarsu ikon sauke ta.