Kiranki: Darasin da Na Koya a Ƙasar Guddiri

'Yan'uwana ɗalibai, ni dai ba da Hausa na tashi ba, a makaranta na koye ta. Amma kalmar da zan yi bayani a kanta a wurin mai gyaran keke na samo ta.

Binciken kammala digiri ne ya kai ni Azare don nazarin Guddiranci. Daga nan na nufi tsohon garin Katagum, inda hedikwatar masarautar take kafin a mayar da ita Azare a 1916. Na ari keke don zaga ƙauyuka. A kan kwalta gudu yake kamar iska, amma da na shiga yashi sai feda ta ƙi takuwa. Haka na yi ta tura shi har la'asar, na tarar dattijon da zan yi hira da shi ya tafi gona. Ranar ta tafi a banza.

Washegari na kai kuka wurin wani mai gyara. Ya duba, ya ce, "Samari, keken lafiyarsa ƙalau, kirankin ne ba na hanyarka ba."

Na ce, "Baba, mene ne kiranki?"

Ya ce shi ne ƙarfen da feda ke jikinsa, haɗe da farantin nan mai haƙora da ke jan sarƙa. Ga abin da na fahimta:

1. Kwalta tana son babban faranti. Kekunan tsere kan yi amfani da mai haƙora 50 zuwa 53. Akwai gudu, amma akwai nauyin taku.

2. Yashi da burtali suna son ƙarami. Kekunan daji kan ɗauki mai haƙora 30 zuwa 34. Ba gudu, amma ƙafa ba ta wahala.

3. Lissafinsa: raba haƙoran gaba da na baya. Idan 44 ne da 22, duk zagaye ɗaya na feda taya za ta juya sau biyu.

4. Tsawon ƙarfen yawanci milimita 165 zuwa 175 ne. Gajere ya fi a hanya mai kututture, don kada feda ta daki ƙasa.

Ya sauya mini ƙaramin faranti, ya rage sarƙa, na kuwa isa wurin dattijon da hantsi.

A ƙarshe, kafin ka zaɓi kiranki, fara tambayar yadda hanya take. Matambayi ba ya ɓata.