Yadda Ake Ɗumama Mota Mai Injin Rotari, Da Yadda Za Ka Duba Zafinta A Wayarka

Darasinmu na yau a kan mota ne, amma kada ka ajiye wayarka, domin za mu yi aiki da ita.

Daga Gidan Katta zuwa Illela, har a tsallaka Birnin Ƙonni, kusan duk motar da za ka gani injin fistin ne a cikinta. Amma a kan samu Mazda RX-8 jefi-jefi cikin motocin da ake shigowa da su daga waje, kuma kyanta yakan ja hankalin samari. Injinta daban ne, wanda ya riƙe ta kamar Corolla zai iya kashe shi cikin ɗan lokaci.

Mene ne injin rotari?

Wani Bajamushe mai suna Felix Wankel ne ya ƙirƙiro shi, aka fara gwada shi a 1957. Kamfanin Mazda na Japan ya sa shi a motar Cosmo Sport a 1967, sai RX-7 a 1978, sannan RX-8 daga 2003 zuwa 2012. Ba shi da fistin mai hawa da sauka. Wani ƙarfe ne mai kusurwa uku yake juyawa a cikin gida mai kama da ɓawon gyaɗa, kowace kusurwa kuma tana da ɗan siririn ƙarfe da ke hana iska sulalewa. RX-8 tana da irin wannan guda biyu, kuma mai giyar hannu tana kaiwa juyi 9,000 a minti ɗaya.

Me ya sa sai an ɗumama shi?

Na farko, gidan injin an yi shi da alminiyam ne, an matse shi tsakanin faifan ƙarfe. Alminiyam ya fi ƙarfe saurin buɗewa idan ya ji zafi, don haka taka totur da ƙarfi alhali injin yana da sanyi yana wahalar da robobin da ke tare ruwa a tsakaninsu.

Na biyu, da sanyi kwamfutar motar takan ƙara yawan fetur. Idan ka kashe ta a wannan hali, fetur zai kwanta a ciki ya jiƙa fulogi, motar ta ƙi tashi. Shi ne abin da makanikai ke kira obafulo, kuma ya fi faruwa da safiyar hunturu, cikin Disamba da Janairu.

Matakan da za ka bi

1. Duba baƙin mai da ruwan lagireto kafin ka tayar. Wannan injin da gangan yake ƙona baƙin mai kaɗan-kaɗan, don haka raguwarsa ba laifi ba ne, barinsa ya ƙare ne laifi.

2. Tayar da ita ka bar ta minti ɗaya ko biyu, har ƙarar ta fara sauka.

3. Ja ta a hankali, kada juyi ya wuce 3,000 zuwa 4,000 har sai ta ɗau zafi. Tafiya a hankali ta fi tsayuwa wuri ɗaya saurin ɗumama injin.

4. Idan gyara fakin kawai za ka yi, Mazda ta ba da shawarar a bar ta kamar minti 5, a ba ta wuta zuwa 3,000 na daƙiƙa 10, a sake ta ta sauka, sannan a kashe.

5. Idan ta riga ta yi obafulo, danne totur har ƙasa ka yi ta sitata na 'yan daƙiƙu. Hakan yana sa kwamfutar ta yanke fetur, abin da ya kwanta ya fita.

Wane zafi ne daidai?

Tamostat ɗinta yana buɗewa a wajen digiri 82 na ma'aunin Salshiyos. Daga nan zuwa 95 lafiya lau ne. Idan ta haura 100 tana ci gaba da hawa, kashe AC ka nemi gefen hanya. Wannan ya fi zama matsala a Afrilu da Mayu, lokacin da zafin yankin Sakkwato ke wuce digiri 40, musamman a cunkoson ranar kasuwar Illela ko layin bakin iyaka. Kada kuma ka yarda a cire maka tamostat kamar yadda wasu makanikai suka saba, domin injin zai daɗe bai kai zafin aikinsa ba.

Inda waya ta shigo

Allurar gejin zafi ta RX-8 takan tsaya a tsakiya ko da zafin yana canzawa, sai abu ya yi nisa take motsawa. Saboda haka nemi 'yar na'urar ELM327 mai Bluetooth, ka soka ta a ramin OBD2 da ke ƙarƙashin sitiyari. Haɗa ta da wayarka, ka sauke manhajar Torque ko Car Scanner daga Play Store, ka zaɓi zafin ruwan injin. Nan take za ka ga ainihin lambar a fuskar wayar, har za ka iya saita ƙararrawa a digiri 100. Na'urar tana aiki a yawancin motocin zamani, ba Mazda kaɗai ba. Maƙala wayar a mazauninta, kada ka riƙe ta kana tuƙi.

Kafin ka sayi irin wannan mota, ka tabbatar da makanikin da ya taɓa buɗe injin rotari a kusa da kai. Sai mun haɗu a darasi na gaba.