Zuwa Ga Ɗana, Sabon Shugaban Kwamitin Ruwa

Na ji mutanen unguwa sun ɗora maka shugabancin kwamitin ruwa, kuma tun ba ka gama gyara zama ba ka tarar da maganar mai gyaran burtsatse tana jiranka. Wasu na cewa a sallame shi yau, wasu na cewa ɗan gari ne, a ƙara masa haƙuri. Tunda ka nemi shawarata, ga abin da nake gani, sai ka auna da hankalinka.

Fara da yi wa mutumin adalci. Ƙasarmu ta Batsari da Safana dutse ne a ƙarƙashinta, ruwan burtsatse kuma a tsagar dutsen yake taruwa. Idan bazara ta kama, daga Maris zuwa Mayu, ruwa yakan ja baya ko da babban injiniya ne ke kula da rijiyar. Wannan ba laifin makanike ba ne. Ka tuna kuma da halin da aka shiga a watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layin waya a ƙananan hukumominmu, aka hana sayar da fetur a jarka. Mai gyaran da ke Dutsin-Ma ko Katsina ba a iya kiransa, in ma ya ji labari hanyar ba ta biyuwa cikin kwanciyar hankali. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kayan gyara suka yi tashin gwauron zabi. Mutumin da kuka yi jinga da shi a tsohon farashi, kuna jiran aiki irin na da, ku ma kun shiga hakkinsa.

Sannan ku dubi kanku. Kuɗin jarka da ake tarawa, ana ba shi nasa a kan lokaci? Yaron da ke kunna injin, yana barinsa ya yi ta juyawa bayan ruwa ya ƙare? Ana goge ƙurar hunturu daga farantan sola? Sau da yawa kwamiti ne ke kashe famfo, a bar makanike da zagi.

To, idan ka cire duk waɗannan ka ga har yanzu da saura, sai ka sa ido a kan aikin hannunsa. Ka je da kanka ranar da zai buɗe tuƙa-tuƙa. Mai gyara na gaskiya yakan zaro bututu da rodi ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a kan itace ko bulo don kada su taɓa kashin dabbobi, ya ciro robar da ta cinye ya ɗora maka a tafin hannu, ya nuna maka inda ta tsage. Idan ya mayar ya ɗaure, ba ya tafiya sai ya ga yarinya ƙarama ta tuƙa ruwa ya zubo ba tare da ta galabaita ba. Wanda aikinsa ya lalace kuwa za ka gane shi: ciwon da ya gyara makon jiya shi ne zai dawo makon gobe, kullum akwai sabon abin saye amma ba rasit, tsohon da ya cire kuma ba ka ƙara ganinsa. In ya ɗauki injin sola ya ce zai kai Katsina a duba, sai wata ya shuɗe, waya tana shiga ba a ɗauka.

A nan malamanmu na zaure ba su bar mu cikin duhu ba. Duk wanda ya karanta Risala ya san hukuncin mazhabar Malikiyya: mai sana'a yana lamunin kayan da ya tafi da su wurin aikinsa, kuma mai jinga ba ya cin lada sai aiki ya kammala, har haƙa rijiya an ambata a wajen. Saboda haka neman injinku ko kuɗinsa ba rashin mutunci ba ne, hakkin jama'a ne da aka ba ka riƙo.

Rashin ƙwarewa yana da magani, ana iya haɗa mutum da wanda ya fi shi ya koya. Jinkiri ma yana da uzuri a ƙasar da mutum ke tambayar lafiyar hanya kafin ya hau babur. Abin da ni ban ga maganinsa ba shi ne ƙarya. Ranar da ka tabbatar ya saka tsohon kaya ya karɓi kuɗin sabo, ko hannunsa na cikin ɓatan farantin sola, maganar haƙuri ta ƙare.

Na san abin da zai fi yi maka nauyi, kunya ce. Wataƙila surukin wani babba ne, wataƙila sahu ɗaya kuke sallah. Amma ɗana, haƙurin da kake yi da shi ba kai kake biyan kuɗinsa ba. Matan aure da 'yan mata ne ke biya, su da ke ɗaukar jarka da sassafe su nufi ƙorama ko tsohuwar rijiyar bayan gari. A ƙauyukan da ke bakin Dajin Rugu, wajen Runka ko Wagini, ka san abin da nisa da gida ke nufi ga 'ya mace. Ga baƙinmu da rashin tsaro ya koro cikin gari, famfon da aka haƙa don unguwa ɗaya yanzu unguwa uku ke sha. Ga kuma amai da gudawa, wanda ya yi ɓarna a Jihar Katsina a daminar 2021, kuma ruwan kududdufi ne abokin tafiyarsa. Idan ka ji kunyar mutum ɗaya, ka tuna da waɗannan da ba sa zuwa zaman kwamiti.

Kada ka yanke hukunci da jita-jitar bakin famfo. Sayi littafi, a riƙa rubuta ranar da famfo ya tsaya, ranar da aka kira shi, ranar da ya zo, abin da ya canja da abin da aka biya. Bayan wata biyu ko uku littafin zai yi maganar da kai ba sai ka yi ba. Sai ku zauna da shi gaban mai unguwa da liman, a karanta masa, a saurari uzurinsa har ƙarshe, a ba shi wa'adi mai rana da wata. Wa'adi ɗaya ya isa. In ya gyaru, kun ci riba, don wanda ya san cikin rijiyarku ya fi baƙo.

In bai gyaru ba, kada ka zubar da ruwan tulu don ka ga hadari ya haɗo. Nemo wanda zai gaje shi tukuna. Tambayi sashen ruwa da tsafta na ƙaramar hukuma da hukumar RUWASSA ta jiha, wadda ta horar da makanikan karkara tare da UNICEF, sannan ka je garin da sabon mutumin yake aiki ka ga famfonsu da idonka, ka tambayi mata, ba shugaban kwamitinsu kaɗai ba. Lokacin canji kuma kaka ce, sa'ad da ruwan rijiya ke sama, mutane sun sayar da gero da wake da rogo, akwai abin tarawa. Wanda ya canja makanike a tsakiyar bazara ya sa jama'a cikin wahala biyu.

Kafin ku rabu, karɓi makullai da kayan aikin kwamiti, ka sa ya faɗi zurfin rijiyar da inda aka rataye injin, a rubuta. Biya shi duk abin da yake bi, ko da kana jin haushi. Kada a kai sunansa kasuwar Batsari ana yayatawa, yana da iyali, kuma gobe kuna iya haɗuwa a wurin jana'iza ko ɗaurin aure. Sabon kuwa ku yi takarda da shi gaban shaidu, a riƙe wani kaso na ladansa sai famfo ya yi makonni yana zuba, a kuma haɗa shi da yaro ɗaya ɗan unguwa mai natsuwa ya riƙa koyo.

Ranar Juma'a mai zuwa, bayan an sauko masallaci, ka tara kwamiti ku buɗe littafin nan, ka kuma aika a ji ta bakin matan unguwa kafin ku yanke komai. Ka gaishe mini da mahaifiyarka da yara. Allah ya taya ka riƙo.