Darasi: Zumunci da kwanciyar hankali

Kai mai karatu, da ke mai karatu, idan anka gaishe ku nan Kornaka, mi ake tambaya? Ana cewa: ina gida, ina iyali, ina yara, ina gajiya? Ba a tambayar lafiyarka kai ɗaya. An san idan gidanka ba lafiya, kai ma ba ka da lafiya. To, wannan abin da munka sani tun kaka da kakanni, masana sun zauna sun bincike shi.

Akwai wani ilimi da ake kira ilimin halayyar ɗan Adam. Shi ne mai binciken tunanin mutum, da abin da ke sa shi farin ciki ko damuwa. An daɗe ana yin mafi yawan wannan bincike a Amurka da Turai. Can, ana koya ma yaro ya tsaya da ƙafarsa, ya bi ra'ayin kansa. A shekara ta 1991, masana biyu, Hazel Markus ta Amurka da Shinobu Kitayama ɗan Japan, sunka nuna cewa ba ko'ina ake haka ba. A ƙasashe da yawa, mutum yana ganin kansa ne cikin danginsa da mutanen garinsu. Don haka ba a auna kowa da mudu ɗaya.

Mu Hausawa muna da namu mudu. A shekara ta 1974, wani Bature ɗan Ingila mai suna Kirk-Greene ya wallafa nazari a kan "mutumin kirki". Ya lissafa halaye 10 da Hausawa ke yabo: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Duba su da kyau. Wa za ka riƙe ma amana idan kai ɗaya ne cikin daji? Wa za ka yi ma karamci? Kusan dukkansu sai da mutane.

Nan jihar Maraɗi ma an ga haka a aikace. A shekara ta 1991, ƙungiyar CARE ta fara Mata Masu Dubara. Ba a kawo wani baƙon abu ba, an ɗora ne bisa adashen da mata sunka saba. Suna zuba kuɗi kowane mako, suna ba juna rance. Makullin asusun shi ne amana. Daga nan wannan dubara ta bazu ƙasashe masu yawa.

Ga wani bincike kuma, wanda anka yi a karkarar Nijar, har da jihar Maraɗi, tare da Bankin Duniya. An buga shi a 2022. Matan da ke karɓar tallafin jikka 10 kowane wata, an kasa su kashi-kashi. An koya musu adashe da sana'a. Bayan haka wasu anka ba su jarin jikka 80. Wasu ba a ba su jari ba. Sai anka tara mutanen gari, maza da mata da dattawa, anka nuna majigi, anka tattauna a kan sana'ar mata, kuma anka koya ma matan dubarun shawara da warware matsala. Ka san abin da ya faru? Waɗanda ba su samu jari ba, su ma sana'arsu ta ci gaba, damuwarsu ta ragu. Kuma wannan hanya ta fi arha nesa ba kusa ba.

Wata masaniya mai suna Catherine Thomas da abokan aikinta sun ƙara gwaji. An nuna ma mata labari iri biyu. A na farko, mace ta tashi neman na kanta, don ci gaban kanta. A na biyu, mace tana shawara da mai gidanta da manya, tana taimakon sauran mata. Bayan shekara guda, matan da sunka ga labari na biyu su ne abincin gidansu da sana'arsu sunka ƙaru. Ashe hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Amma a yi hattara. Zumunci yana da nauyi. Wata ta ci bashi don biki, jarinta ya karye. Wani kunya ta hana shi faɗin damuwarsa, har ya bar barci, ya bar cin tuwo. Wata ana ce mata "yi haƙuri" alhali ana zaluntarta. Haƙuri ba tare da adalci ba, cuta ne. Idan damuwa ta daɗe, a faɗa ma wanda anka yarda da shi, kuma a je gidan likita.

To mi za ka yi? Kai mai gida, idan iyalinka ta nemi shiga ƙungiya, ka saurare ta, ribar gidanka za ta shigo. Ke uwar gida, ki raba kuɗin jari da kuɗin biki. Ku duka, ku leƙa wanda ɗansa ya tafi cin rani ya bar shi shi kaɗai. Zumunta a ƙafa take.

Tambayoyi

1. Rubuta halaye 5 na mutumin kirki.
2. A wace shekara anka fara Mata Masu Dubara?
3. Mi ya sa labari na biyu ya fi amfanar mata?
4. Yaushe zumunci ke zama nauyi? Ku tattauna a aji.