Ina Angulayen Sakkwato Suka Tafi?



Ɗan'uwa mai karatu, yaushe rabonka da ganin angulu? Ba a hoto ba, da idonka, tana zaune kan katanga ko tana shawagi a sama.

Ranar babbar sallar da ta wuce, bayan mun yanka layya a nan Minanata, yara suka kwashe tumbi da sauran abin da ba a so suka kai juji. Da la'asar na bi ta wurin, babu komai sai ƙuda da karnuka biyu da wari. Sai na tuna muna yara, tun kafin a gama fiɗa angulaye sun jeru a kan ginin maƙwabta suna jira, muna jifarsu suna matsawa kaɗan su dawo. Kafin magariba ba ka samun ko ƙyallin hanji a ƙasa. Bayan kwana biyu na tambayi wani dattijon mahauci da ke salla tare da mu, na ce, "Baba, wai ina angulayen kwata?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, sai yau kaka tambaya? Tun da anka fara sayen kanta da kuɗi masu yawa munka daina ganin ta. Da can kore ta muke yi, yanzu ko da kuɗinka ba ka samun ta."

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne "sai yau". Tsuntsun da ya cika gari ya ɓace a gaban idonmu, babu wanda zai iya cewa a shekara kaza ne, ko guda nawa ne suka rage. Ba mu ƙirga su ba lokacin da suke da yawa, don haka ba mu lura ba lokacin da suke ƙarewa.

To amma akwai wanda ya ƙirga. Wani masanin tsuntsaye ɗan Faransa, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin mota na Burkina Faso da Mali da Nijar tsakanin 1969 da 1973, yana tafiya a hankali yana rubuta duk shaho da gaggafa da angulu da ya gani. Bayan shekara talatin, a 2003 da 2004, ya sake bin hanyoyin nan dai, a irin lokacin nan na shekara, da irin tsarin nan. Da ya gwada lissafin farko da na biyu, sai ya tarar manyan angulayen daji sun ragu da kusan kashi 98 cikin 100 a wajen gandun da hukuma ke tsarewa. Ku lura da dabarar, don ita ce tushen dukkan wannan ilimin: wuri ɗaya, hanya ɗaya, a dawo bayan shekaru a sake auna. Kamar dai mai awo ne, in ya canza mudu tsakanin safe da yamma, lissafinsa ya ɓaci.

Irin waɗannan ƙididdiga ake tattarawa daga ƙasashe daban-daban a kai wa ƙungiyar IUCN, wadda tun 1964 take riƙe da wani kundi da ake kira Jan Kundi. A ciki ana duba kowane nau'in halitta a ba shi matsayi: wannan babu fargaba a kansa, wannan yana da rauni, wannan yana cikin haɗari, wannan yana bakin ƙarewa, wannan ya ƙare a daji sai a hannun mutane, wannan kuwa ya ƙare gaba ɗaya. Ba da ka ake ba da matsayin ba. Misali, ɗaya daga cikin sharuɗɗan shiga rukunin "bakin ƙarewa" shi ne adadin ya faɗi da kashi 80 cikin 100 a tsawon zuriya uku. An auna nau'o'i sama da 160,000 zuwa yanzu, fiye da 46,000 daga cikinsu suna fuskantar barazana. A shekarar 2015 aka ɗauki nau'o'in angulun Afirka guda huɗu aka sa su a rukunin bakin ƙarewa, kuma har da wannan ƙaramar ta cikin gari, mai jan wuya, wadda muke jifa. Binciken da aka buga a shekarar ya nuna cewa cikin mace-macen angulu da aka samu labarinsu a Afirka, kashi 61 guba ce, kashi 29 kuma fataucin sassan jikinta ne don magani da tsibbu. Ga shi kuma ƙwai ɗaya tak take sakawa a shekara. In ka kashe goma yau, sai an yi shekaru kafin a mayar.

Na san wani zai ce, to Malam sai me? Angulu ce fa, ba saniya ba.

Indiya ta riga ta ba da amsa, kuma amsar mai tsada ce. A shekarun 1990 makiyayan can suka fara yi wa shanu allurar diklofenak, wannan dai maganin ciwon jiki da muke saye a kemis. Ashe in angulu ta ci mushen dabbar da aka yi wa allurar, ƙodarta ke lalacewa ta mutu cikin 'yan kwanaki. Cikin shekara goma da ɗoriya angulayen ƙasar suka ragu da fiye da kashi 95. Sai a 2006 aka hana amfani da maganin ga dabbobi. A tsakanin nan mushe ya riƙa ruɓewa a fili yana gangarawa ruwan sha, karnukan da ba su da iyayengiji suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun buga bincike a 2024 inda suka kiyasta cewa rashin angulu ya jawo ƙarin mutuwar mutane kusan dubu ɗari biyar tsakanin 2000 da 2005. Kiyasi ne, ana iya jayayya a kan adadin. Amma hanyar da abin ya bi a fili take. Allah Ya yi wa cikin angulu wani tsami mai ƙarfi da ke kashe ƙwayoyin cuta da yawa, har da na ciwon saifa, wanda ya ɓulla a wata gona a Suleja a watan Yulin 2023. Kare da ɓera in sun ci mushe, gida suke kawo mana abin da suka ɗauko.

Angulu kuwa misali ɗaya ce. Tambayi manya yaushe rabonsu da jin kukan gauraka a fadama, ko ganin burtu yana kiwo a saura. Wani kwamitin masana na duniya ya fitar da rahoto a 2019 cewa nau'o'in dabbobi da tsirrai kusan miliyan ɗaya ne ke iya ƙarewa. Ƙungiyar WWF kuma a rahotonta na 2024 ta ce garkunan namun dajin da ake bibiya sun ragu da kashi 73 a matsakaici daga 1970 zuwa 2020, na Afirka kashi 76. A nan sai a yi hattara, domin na ga masu yaɗa cewa wai kashi 73 na dabbobin duniya sun mutu. Ba haka rahoton ya ce ba. Garkuna kusan 35,000 aka bi, aka duba yadda kowanne ya ƙaru ko ya ragu, aka fitar da matsakaici. Wasu sun ƙaru ma. Amanar naƙali ba a hadisi kaɗai ake neman ta ba.

Me ƙasashen duniya suka yi? Taro da alkawari, kamar yadda aka saba. A 1992 aka ƙulla yarjejeniyar kare nau'o'in halittu a Riyo ta ƙasar Barazil, Najeriya ta amince da ita a 1994, Nijar a 1995, Amurka kuwa har yau ba ta shiga ba. A 2010 aka taru a Nagoya ta Japan aka ɗauki manufofi 20 da za a cika kafin 2020. Da lokacin ya yi aka zo hisabi, ko guda ɗaya ba a cika ta gaba ɗaya ba. Daga cikin dalilan, da yawa daga manufofin an rubuta su ne da kalmomi masu daɗi waɗanda ba a iya aunawa. Shi ya sa da aka sake zama a Montiriyal ta Kanada a Disambar 2022 aka yi ƙoƙarin sa lamba: manufofi 23, mafi shahara a cikinsu a kare kashi 30 na ƙasa da ruwa kafin 2030, a kuma tara dala biliyan 200 duk shekara. A taron Kali na Kolambiya a 2024 maganar kuɗin nan ce ta hana a kammala, sai da aka sake zama a Rum a Fabrairun 2025. Ra'ayina, sa lambar ci gaba ne, domin wanda ya yi alkawari da adadi ana iya kama shi da adadi. Amma ban ga yadda takardar da aka sa wa hannu a Kanada za ta tsayar da mai zuba guba a mushen jaki a ƙauyenmu ba, in mutanen wurin ba su yarda ba.

Inda mutanen wuri suka yarda kuwa, an ga aiki, kuma ba nesa da mu ba. A yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai a hanyar Doso, nan ne raƙuman dawan Afirka ta Yamma na ƙarshe suka rage. A 1996 guda 49 ne kacal. Gwamnatin Nijar ta hana farautarsu, ƙungiyoyi suka taimaka wa ƙauyukan Zabarmawa da rijiyoyi da ƙananan rance, samarin wurin suka zama masu rakiyar baƙi. Duk shekara a fita a ɗauki hoton kowane ɗaya, domin zanen jikin raƙumin dawa kamar zanen yatsa ne, babu biyu iri ɗaya. Da haka aka san wanda ya haihu da wanda ya mutu. Suka haura 600. A 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji da ke jihar Maraɗi, inda suka ɓace shekaru da dama da suka wuce, a shekarar kuma aka sassauta matsayinsu a Jan Kundi. Ba wai babu matsala ba: suna shiga gona su ci wake da mangwaro, manomi na haƙuri ne kawai, kuma harin da aka kai Kure a Agustan 2020, wanda ya kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, ya kori baƙi ya sa aikin ya yi wuya.

Mu dawo kan angulu, domin a nan ne maganar ta shigo gidanmu. Raƙumin dawa an bar shi ne saboda an daina harbinsa. Angulu kuwa ana neman ta ne saboda akwai mai saye, kuma bincike ya nuna kasuwannin Najeriya ne kan gaba a wannan ciniki a yankinmu. A Gini Bisau a 2020 an tarar da angulaye sama da 2,000 an kashe su da guba, da yawa an yanke musu kai. Wa ke sayen kan? Wanda aka gaya wa zai ba shi gani har hanji, ko sa'ar kasuwa, ko cin zaɓe. Kuma mu faɗi gaskiya, ba boka mai jan ƙyalle kaɗai ke rubuta wannan laƙanin ba, akwai masu rawani da carbi. Wanda ya karanta Hayatul Hayawan na Damiri, malamin Masar da ya rasu a 808 bayan hijira, ya san littafi ne mai amfani, ya jera dabbobi bisa haruffa ya kawo lugga da hukunci. Amma a ƙarshen babuka da yawa yana kawo "khawass", wai sashe kaza na dabba kaza yana maganin kaza. Wannan naƙali ne daga likitancin mutanen da, ba wahayi ba ne. Rataya kan tsuntsu don sanin gaibu ko jawo arziki kuwa, wannan ya bar babin magani ya shiga babin aƙida, kuma kun san hukuncinsa.

Wani ɗalibi zai ce ai a mazhabar Malikiyya an halatta cin tsuntsaye masu farauta. Haka ne, Risala ta kawo shi. Sai dai halaccin cin abu daban, zuba guba a mushe ka kashe hamsin a tashi ɗaya, da duk kare da hankakan da ya taɓa, daban. Wannan ɓarna ce. Kuma shugaba yana da ikon taƙaita halal don maslahar jama'a. A fiƙihu akwai babin "hima": Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya keɓe Naƙi'u don dawakan Musulmi, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza don raƙuman zakka. Don kiwo aka yi su, ba don tsuntsaye ba, kada mu ƙara wa tarihi gishiri. Amma asalin keɓe wuri a hana taɓa shi saboda amfanin kowa, muna da shi tun kafin a yi taron Riyo. Gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, NCF, ta ɗauki wata hanyar, tana zama da masu maganin gargajiya don su koma ga itatuwa a maimakon sassan angulu. Ɓangaren masu saye kuwa, masallaci ya fi kowa kusa da su.

Sai maganar ƙirga. Tun 2015 cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos take gudanar da aikin taswirar tsuntsayen Najeriya. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi, 'yan sa-kai suna shiga su rubuta duk tsuntsun da suka gani a wata manhajar waya mai suna BirdLasser, kuma akwai tawagar matasan Arewa a ciki. Ba a buƙatar digiri. Ɗalibin da ke Minanata ko Mabera ko Arkilla, in ya ware awa biyu ya zagaya kwata da bakin gulbi ya rubuta abin da ya gani, har da cewa bai ga angulu ko ɗaya ba, ya bar wa wanda zai zo bayan shekara talatin mudun da zai auna da shi. Ni dai na roƙi dattijon nan cewa duk ranar da ya ga ta sauka a kwata ya aiko a gaya mini, in rubuta kwanan wata da adadi. Wata na huɗu ke nan, bai aiko ba tukuna.

Wallahu a'alam.