Daidaita Fetur da Iska a Kafireton Peugeot 504

A darasin kimiyya mun koyi cewa wuta ba ta ci sai da iska. Injin mota ma haka yake. Domin fetur ya ƙone sarai, kowane kilo 1 nasa yana bukatar iska wajen kilo 14.7. A tsofaffin motoci kafireto ne ke yin wannan haɗi.

Za mu ɗauki misali da Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, kuma a 1975 kamfanin PAN ya soma harhaɗa ta a Kaduna. Shekara da shekaru ita ce ke jigilar fasinjoji daga Sakkwato zuwa Gusau da Illela. An daina yin ta, amma akan ga tsofaffinta jifa-jifa.

In fetur ya yi yawa, salansa takan fitar da baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi ƙirin, mota ta riƙa shan mai. In kuwa iska ce ta rinjaya, injin yakan yi zafi, fulogi ya yi fari fat, har bawul ya ƙone. Fulogi mai lafiya ruwan ƙasa-ƙasa yake.

A nan Sakkwato sai mu yi hattara kafin mu ɗauki sukudireba. Ƙurar hunturu takan toshe matatar iska, injin ya rasa numfashi, hayaƙi ya yi baƙi alhali kafireto ba shi da laifi. Zafin bazara ma, da yakan wuce digiri 40 a watan Afrilu, yana rage nauyin iska, sai fetur ya ɗan rinjaya. Saboda haka matata za mu fara dubawa, sannan fulogi. Sau da yawa a nan aikin yake ƙarewa.

In matsalar ta ci gaba, sai mu tayar da injin a fili, ba cikin rufaffen gareji ba, gama hayaƙin yana da guba marar wari mai kisa. Mu bar shi ya ɗumama. A gindin kafireto akwai ɗan sukuru na haɗin mai. Mu ɗaure shi a hankali, kwata-kwatan zagaye, muna saurare, har injin ya fara rawa. Daga nan mu sassauta shi har ƙarar ta daidaita, ta yi sumul. Kada a matse shi da ƙarfi, tsininsa zai lalace. Sai mu koma ga sukurun silo mu sa gudun injin wajen zagaye 800 zuwa 900 a minti.

Wasu direbobi sukan matsa wa makanike ya ɗaure sukurun nan wai don tsimin mai. A ganinmu wahalar banza ce, domin aikinsa a silo ne kawai. Da zarar an taka totur a kan hanya, babban jet ne ke ba da mai, motar kuwa ta dinga mutuwa a kowace mahaɗa.